FASHIN BAƘI: Yadda injin roka ke aiki, da dalilin da ya sa ƙasashe ƙalilan ke iya ƙera shi

Duk tauraron ɗan'adam da Najeriya ta taɓa mallaka, rokar wata ƙasa ce ta goya shi zuwa sararin samaniya. NigeriaSat-1 ya tashi daga Plesetsk ta ƙasar Rasha a watan Satumban 2003. NigComSat-1 ya tashi daga Xichang ta ƙasar Chaina a watan Mayun 2007, haka ma NigComSat-1R da ya maye gurbinsa a Disambar 2011. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X kuwa, roka mai suna Dnepr ce ta ɗauke su daga Yasny a Agustan 2011. Ita Dnepr ɗin asalinta makami mai linzami ce da Tarayyar Sobiyet ta ƙera domin ɗaukar bama-baman nukiliya, aka sauya mata aiki bayan Yaƙin Cacar Baka.

Lamarin bai tsaya ga Najeriya ba. Har zuwa yau babu ƙasar Afirka da ta kai tauraro falaki da rokar da ta ƙera da kanta, kuma a duniya baki ɗaya ƙasashen da suka yi hakan ba su wuce goma sha 'yan kai ba. Ƙasashe da dama na iya harhaɗa tauraro, amma inda gizo ke saƙar shi ne injin da zai ɗaga shi. Wannan bayani zai bi manyan sassan injin ɗaya bayan ɗaya, yana kafa misali da F-1, injin da Amurka ta ɗora guda biyar a gindin rokar Saturn V, wadda ta kai 'yan sama-jannatin Apollo 11 duniyar wata a Yulin 1969.

Ƙa'idar da aka gina komai a kanta

Maharbi ya san cewa idan bindiga ta tashi, harsashi na yin gaba, gindinta kuma na dukan kafaɗarsa. Wannan ita ce ƙa'idar da Isaac Newton ya rubuta a 1687: duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi baya da ƙarfi daidai da wanda ya yi turin da shi. Injin roka na watsa zazzafan hayaƙi ƙasa da matsanancin gudu, hayaƙin kuma na ingiza rokar sama. Ba ta buƙatar iska ko ƙasa da za ta dogara a kai, shi ya sa take ci gaba da aiki a can inda babu iska sam.

Sai dai rashin iskar na zuwa da tasa matsalar. Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. Mota da janareto da jirgin sama duk suna zuƙo ta kyauta daga iskar da ke kewaye da su, wadda kusan kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. Roka kuwa dole ta yi guzurin tata, ta ɗauki mai ta kuma ɗauki oksijin da za ta ƙona shi da ita. Ga shi kuma kafin abu ya zauna a falaki mafi kusa da duniya, sai gudunsa ya kai kimanin kilomita 28,000 a awa ɗaya. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya fitar da lissafin wannan tun 1903, kuma lissafin ne ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka a lokacin tashi mai ne da oksijin. Ɗan abin da ya rage shi ne gangar jiki da injuna da kayan da aka ɗauko.

Ba'amurke Robert Goddard ne ya fara harba roka mai amfani da ruwan mai, ranar 16 ga Maris, 1926. Ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama, ta kai tsayin kimanin mita 12. Shekara 43 bayan nan, Saturn V mai tsawon mita 110 da nauyin kusan tan 2,900 ta ɗaga daga ƙasa da ƙarfin turi sama da tan 3,400.

Tankuna biyu

Mafi yawan gangar jikin roka tankuna ne. Ɗaya na ɗauke da mai, ɗaya na ɗauke da oksijin. Da yake oksijin a matsayin iska tana cin wuri, sai a sanyaya ta har ta koma ruwa, abin da ke faruwa a digiri 183 ƙasa da sifili. Man da F-1 ke sha tataccen kananzir ne da ake kira RP-1. Wasu injunan na amfani da haidirojin, wanda ba ya zama ruwa sai a digiri 253 ƙasa da sifili. Sababbin injuna irin su Raptor na kamfanin SpaceX da BE-4 na Blue Origin suna amfani da iskar mitan, wadda ita ce mafi yawa a cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa.

Kowane mai da ribarsa da hasararsa. Haidirojin na ba da hayaƙi mafi gudu, amma ba shi da nauyi, lita guda ba ta wuce giram 71 ba, don haka yana buƙatar ƙaton tanki mai rufin hana ɗumi shiga. Kananzir na da arha da sauƙin ajiya, amma yana barin ƙunar baƙi a cikin injin. Akwai kuma wasu sinadarai biyu da ke kamawa da wuta da zarar sun haɗu, ana iya ajiye su shekaru a tanki, shi ya sa sojoji suka so su. Su ne Dnepr ke sha, haka ma matakan farko na Long March 3B da ta ɗauki taurarin NigComSat. Illarsu ita ce guba ce mai kisa.

Famfon farfela, inda aikin ya fi wuya

Injin F-1 guda ɗaya na shanye kusan lita 2,500 na kananzir da ruwan oksijin a kowace daƙiƙa. Tankar mai ta lita 33,000 ba za ta kai shi daƙiƙa 14 ba. Injunan biyar tare kuwa za su ƙarar da ita cikin ƙasa da daƙiƙa uku.

Yawan ba shi kaɗai ne matsalar ba. A cikin ɗakin da man ke ƙonewa, matsi ya ninka na iskar duniya sau 70, wato kusan ninki 30 na matsin iskar tayar mota. Ruwa ba ya shiga wuri sai an tura shi da matsin da ya fi na cikin wurin. Da za a ce tankunan ne za su riƙe irin wannan matsi, da sai an yi musu bango mai kaurin da rokar ba za ta iya ɗaga kanta ba. Mafita ita ce a bar tankunan da siririn bango da ɗan matsi kaɗan, a sa famfo tsakaninsu da injin.

Wannan famfo ba lantarki ke juya shi ba a manyan injuna. Ana ɗiban ɗan kaso na man da oksijin ɗin a ƙona su a wani ƙaramin ɗaki na daban. Zazzafar iskar da ta fito sai ta bugi fikafikan wata farfela, farfelar ta juya sanda, sandar kuma ta juya famfo biyu, na mai da na oksijin. A F-1 sandar na juyawa sau 5,500 a minti ɗaya, da ƙarfin dawaki 55,000, kwatankwacin megawat 41. Idan aka haɗa famfunan injunan biyar, ƙarfinsu ya haura rubu'in megawat 760 da aka girka a tashar lantarki ta Kainji. A kan sanda ɗaya, gefe guda na cikin iska mai zafin digiri 800, ɗaya gefen kuma na jiƙe cikin ruwan oksijin mai digiri 183 ƙasa da sifili. Idan mai da oksijin suka sami 'yar kafar haɗuwa a tsakani, ko wani ƙarfe ya goga wani ya ba da tartsatsi, injin zai tarwatse kafin ƙiftawar ido. A Oktoban 2014 rokar Antares ta fashe daƙiƙu kaɗan bayan tashinta a jihar Bajiniya ta Amurka, kuma bincike ya gano cewa daga famfon oksijin na ɗaya daga injunanta wutar ta faro.

Abin da ake yi da iskar bayan ta juya farfela shi ke raba injuna gida biyu. A F-1 da injin Merlin na rokar Falcon 9, zubar da ita ake yi, wato an yi asarar ɗan man da aka ƙona domin a sami sauƙin ƙira. A ɗaya tsarin, ana mayar da iskar cikin babban ɗakin ƙonawa ta ƙarasa ƙonewa, babu abin da ya tafi a banza. Injiniyoyin Sobiyet sun ƙware a wani nau'in wannan tsari mai wuyar gaske, inda iskar da ke juya farfela take cike da zazzafar oksijin, wadda ke iya cinye ƙarfe kamar yadda wuta ke cin kara. Sun samar da gaurayen ƙarafa da shafe-shafen da ke jure mata. Daga wannan zuri'a injin RD-180 ya fito, wanda matsin ɗakinsa ya haura ninki 250 na iskar duniya.

Rariyar feshi da ɗakin ƙonawa

Daga famfo, mai da oksijin na isa saman ɗakin ƙonawa, inda wani faffaɗan faranti mai kama da rariya yake. A F-1 farantin na da dubban huji, wasu na mai, wasu na oksijin. An karkata hujin ta yadda siraran ruwan da ke fitowa za su yi karo da juna, su farfashe su zama raɓa, su gauraya, sannan su kama. Aikin kafireto ke nan a tsohuwar mota, sai dai a nan tan biyu da rabi ake gaurayawa a kowace daƙiƙa, kuma zafin wutar ya kai digiri 3,300.

Wannan faranti ya kusa kassara shirin Apollo. Idan wuta ta ɗan fi ƙarfi a wani gefen ɗakin, matsin wurin na tashi ya bugi ɗaya gefen ya dawo, kamar amon ganga. Bugun na dagula feshin, dagulewar feshin na ƙara wa bugun ƙarfi, cikin ƙasa da daƙiƙa guda bangon ya huje. A Yunin 1962 wani F-1 ya tarwatse ta wannan hanya a wurin gwaji. Babu kwamfutar da ke iya lissafa abin a wancan zamani, don haka injiniyoyin kamfanin Rocketdyne da na hukumar NASA suka koma gwaji da gyara. Sun riƙa tayar da ƙananan bama-bamai a cikin injin yana tsaka da aiki, da gangan, domin su ga ko wutar za ta daidaita kanta. Bayan gwaji kusan 2,000, sun tsaya a kan wasu shingaye na tagulla da suka raba fuskar farantin gida 13, suka hana amon zagayawa. Daga nan injin ya riƙa kwantar da rikicin da kansa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Maƙogwaro da bakin algaita

Wuta mai zafi da matsi ba ta wadatar ba, sai an mayar da zafin ya zama gudu, kuma an sa hayaƙin ya fuskanci hanya ɗaya. Wannan shi ne aikin sashen da aka fi gani a hoto, mai siffar bakin algaita. Ƙasan ɗakin ƙonawa na tsukewa har ya zama maƙogwaro, daga nan kuma ya sake buɗewa. Yayin da hayaƙi ke matsuwa zuwa maƙogwaro gudunsa na ƙaruwa, kamar ruwan tiyo idan an danne bakinsa da yatsa, har ya kai gudun sauti daidai wurin da ya fi tsukewa. Da zarar iska ta kai wannan gudu, ɗabi'arta na juyawa: buɗewar hanya ce ke ƙara mata sauri. Don haka a cikin faffaɗan bakin, hayaƙin na bazuwa, yana hucewa, yana ƙara gudu, yana kuma tura bangon bakin sama. Injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf de Laval, ne ya ƙirƙiro wannan siffa a 1888 domin injin tururi.

Hayaƙin F-1 na fita da gudun kimanin kilomita 2.6 a daƙiƙa. Na RS-25, injin haidirojin da ya yi wa kumbon Space Shuttle aiki, ya kai kilomita 4.4 a daƙiƙa a inda babu iska. Wannan adadi shi ne ma'aunin tsimin injin roka, kamar yadda ake auna mota da kilomitan da take yi da lita guda.

Girman bakin ma da lissafinsa. A doron ƙasa iskar duniya na matso hayaƙin, idan bakin ya cika faɗi sai hayaƙin ya saki bango ya riƙa girgiza injin. A sama kuwa babu mai matso shi, don haka faɗi riba ne. Shi ya sa bakin Merlin na matakin farko ya ninka maƙogwaronsa faɗi sau 16, na mataki na biyu kuma sau 165.

Yadda ƙarfe ke tsira daga wuta

Baƙin ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500, tagulla a 1,085. Wutar da ke cikin ɗakin ta ninka na farkon fiye da sau biyu. Dabarar da ke hana bangon narkewa ita ce a sa man ya yi aikin ruwan lagireto kafin a ƙona shi. Bangon ɗakin F-1 da saman bakinsa jerin siraran bututu 178 ne da aka lanƙwasa aka manne su da juna. Kananzir na gangarawa ta rabinsu, ya hauro ta ɗaya rabin, yana kwashe zafin, sannan ya shiga rariyar feshi. Zafin da ya kwaso bai ɓata ba, ya koma cikin wutar. Ƙasan bakin kuma, iskar da ta gama juya farfela ake zubawa ta bi jikin bangon ta zama labule tsakaninsa da harshen wuta. Ita ce baƙin hayaƙin da ake gani daf da bakin injin a hotunan tashin Saturn V.

Kunnawa da sarrafawa

Tayar da injin roka aiki ne na jeri, kuma bawul-bawul ne ke tsara shi. Idan mai da oksijin suka taru a ɗaki kafin wuta ta kama, abin da zai biyo baya fashewa ce. F-1 da Merlin na amfani da wani ruwan sinadari mai kamawa da ya taɓa oksijin, shi ne koren hasken da ake gani daf da tashin Falcon 9. Wasu injunan haidirojin na amfani da tartsatsin lantarki irin na fulogi. Rokar Soyuz ta Rasha kuwa, 'yan abubuwan tartsatsi ake ɗaurawa a kan sandunan katako a cusa su cikin bakin injunan daga ƙasa.

Roka ba ta da fikafikan da za su yi mata amfani a sama, saboda haka injin ne sitiyarinta. Ana rataye shi a kan gaɓa mai motsi, kwamfuta na karanta na'urorin da ke auna karkata, tana ba da umarni a ɗan kautar da bakin injin dama ko hagu. A Saturn V injuna huɗu na gefe ne ke motsi, na tsakiya a kafe yake. A Yulin 2013 rokar Proton-M ta Rasha ta yi adungure ta faɗi jim kaɗan bayan tashi da taurari uku a cikinta, domin an ɗaura wasu na'urorin auna juyawa a kife.

Akwai kuma roka mai daskararren mai, wadda ba ta da famfo ko bawul. Ana cuɗa mai da sinadarin oksijin wuri guda su daskare kamar roba a cikin bututu mai rami a tsakiya. Tana da sauƙi kuma a shirye take koyaushe, amma idan an kunna ta ba a kashe ta. Zoben roba da ya kasa toshe mahaɗar irin wannan roka a sanyin safiya shi ya jawo hatsarin kumbon Challenger ranar 28 ga Janairu, 1986, inda mutum bakwai suka rasu.

Siyasar da ke cikin injin

Injin da zai kai tauraro falaki zai iya kai bam wata nahiya. Tun daga V-2 ta Jamus ta 1944, wadda fursunoni suka ƙera a aikin tilas, tarihin roka da na makamai a haɗe suke. A 1987 ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu suka kafa yarjejeniyar MTCR, wadda ta tsaurara sayar da fasahar duk rokar da za ta iya kai kilo 500 nisan kilomita 300. Afirka ta Kudu ce kaɗai mamba daga Afirka.

Indiya ta ɗanɗana wannan. A 1991 ta ƙulla ciniki da kamfanin Glavkosmos na Sobiyet domin sayen injunan haidirojin tare da fasahar ƙera su. A 1992 Amurka ta ƙaƙaba wa ɓangarorin biyu takunkumi, a 1993 Rasha ta janye batun koyar da fasahar. Indiya ta koma ƙera nata. Gwajin farko a sama, a Afrilun 2010, ya gaza saboda matsalar famfon mai. Sai ranar 5 ga Janairu, 2014 injin ya yi nasara, shekara 23 bayan cinikin farko. Ita kanta Amurka ta shafe sama da shekara 20 tana harba taurari, har da na soja, da injin RD-180 na Rasha a gindin rokokin Atlas. Bayan mamaye Kirimiya a 2014 majalisar dokokinta ta taƙaita amfani da shi, a Maris 2022 Rasha ta sanar da daina sayar mata, kuma rokar Vulcan da ta gaje shi ba ta tashi ba sai Janairun 2024.

Najeriya na da hukumar NASRDA tun 1999, da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas. Abin da tarihin F-1 da na Indiya ke nunawa shi ne injin roka na tsayawa ne a kan wasu masana'antu: masu narka gaurayen ƙarafa, masu sassaƙa ƙarfe daidai da awon da bai kai kaurin gashi ba, ƙwararrun masu walda, masana'antar ruwan oksijin, da wurin gwajin da za a tarwatsa injuna da yawa kafin a sami na kirki, tare da kasafin da ba ya yankewa idan gwamnati ta sauya. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta, wanda aka soma ginawa tun 1979 da taimakon Sobiyet, har yanzu ba a hura babbar tanderunsa ba.

Saboda haka duk ranar da wani jami'i ya yi alƙawarin harba tauraro da rokar gida, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida da matasa su yi masa. Wane irin mai injin ke sha, ruwa ko daskararre? Yana da famfo, kuma a ina aka ƙera shi? Tan nawa ne ƙarfin turinsa? Sau nawa aka kunna shi a wurin gwaji, daƙiƙa nawa ya yi yana ci, kuma nawa aka ware wa aikin a kasafin bana da na baɗi?